DUNIYA MAKARANTA: Gayyar gina gidaje a ƙasar Urugwai

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari da magidanta da yawa ke ɗaure ƙunshinsu su nufi birni. Wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu Tawa, wasu Yamai. Akwai mai zuwa cin rani shi komo da ruwan farko. Akwai kuma wanda birni ke riƙewa, har shi aiko a kai mishi mata da ɗiya.

Duk wanda ya zauna birni ya san abin da ya fi ci ma talaka rai can. Bayan tuwo, sai wurin kwana. A ƙauye mutum na da filin ubanshi, ga laka kusa, ga kara, ga dangi masu kama mishi aiki. A birni komi sai da kuɗɗi. Ɗaki guda na haya, mutum 6 ko 7 a ciki. Wata bai gama mutuwa ba, mai gida na tsaye bakin ƙofa. Shekara 10 ana biya, amma ko tubali guda bai zama na mai biya ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wanda ya gaji da haya sai shi koma bayan gari, shi kafa bukka ko shi ja ɗan ɗaki inda ya samu. Sau da yawa wurin kwari ne, hanyar ruwa ce. Damanar 2024 ta nuna haɗarin haka. Fiye da mutum 300 sunka rasu cikin ƙasa, wasu ruwa ya ci su, wasu ɗaki ya faɗa musu. Waɗanda ɓarnar ta shafa sun fi miliyan 1. Ko tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya fi shekara 150 a tsaye, ya faɗi cikin watan Satumba.

Wagga damuwa ba ta Nijar kaɗai ba ce. Talakawan birane na fama da ita ko'ina cikin duniya. Wanga wata, filin Duniya Makaranta ya kawo labarin wata ƙasa mai nisa, inda talakawa sunka gina ma kansu unguwanni masu kyau cikin birni. Dabararsu ba baƙuwa ba ce ga manomi. Gayya ce. Amma sun ƙara mata wasu abubuwa da sunka sa ta daɗe.

INA NE URUGWAI?

Urugwai na cikin Amurka ta Kudu, ƙetaren babban teku. Tana tsakanin manyan ƙasashe biyu, Barazil da Ajantina. Ƙaramar ƙasa ce. In anka raba Nijar kashi 7, kashi guda ya kai girmanta. Mutanenta kimanin miliyan 3 da rabi ne, suna magana da harshen Sipaniya. Babban birninsu Montebideyo, shina bakin teku.

Ƙasar kiwo ce. Shanunta sun fi miliyan 11. Da rabawa za a yi, da kowane mutum ya tashi da shanu 3, ga tumaki kuma miliyoyi. Amma ba a raba ba. Manyan filayen kiwo na hannun masu dukiya, sun kewaye su da waya. Talaka makiyayin haya ne, kuma mutum kaɗan sun isa su tsare babban garke cikin waya. Shi ya sa jama'a sunka yi ta gangarowa birni neman aiki. Yau cikin mutum 10, fiye da 9 a birni suke zaune.

Yadda gyaɗa ta taɓa zama ma Nijar, haka nama da gashin tumaki suke ma Urugwai. Daga tsakiyar shekarun 1950 kasuwarsu ta faɗi a ƙasashen waje. Tsada ta shigo. Cikin shekara ta 1967, abin da anka saya dala 10, kafin shekara ta kewayo ya wuce dala 20. Haya ta gagari ma'aikata. Unguwannin bukkokin kwano da kwali sunka yi ta tsirowa gefen Montebideyo. Don ba'a, mutane sunka raɗa musu suna kantegiril, sunan wani wurin shaƙatawa na masu kuɗɗi. Ga ƙasar da sanyi. Watannin Yuni, Yuli da Agusta, lokacin da manomin Nijar ke cikin gona, su can ɗari ne mai tsanani da ruwa da iska. Mai kwana cikin bukkar kwano shina jin jiki.

MAFARI: IYALI 95

Cikin shekara ta 1966, wata cibiya mai taimakon ƙungiyoyin koperatif ta kawo shawara. Talaka ba shi da kuɗɗin ajiya da za shi aza ma banki, amma shina da hannu biyu. Me za shi hana a lissafta guminshi tamkar kuɗɗi?

Anka gwada a garuruwa uku. A Salto ma'aikatan jirgin ƙasa ne. A Firai Bentos ma'aikatan magajin gari ne. A wani ɗan gari mai suna Isla Mala kuwa, masu tatsar shanu ne cikin garken masu dukiya. Duka-duka iyali 95. Mutane da yawa sun yi shakka. Har wasu shugabannin ƴan ƙwadago na ganin ƙarin wahala ce bisa ma'aikaci, shi wuni aiki kuma shi zo shi ɗauki tubali. Amma gidajen sunka tashi, masu ƙwari, kuma kuɗɗinsu bai kai na ɗan kwangila ba. Gani ya kori ji.

Cikin watan Disamba na 1968, majalisar ƙasar ta yi babbar dokar gidaje. Wani ɗan majalisa masanin gini, Juan Pablo Terra, shina cikin waɗanda sunka fi tsaya mata. Dokar ta yarda da koperatif ta gidaje. Ta kafa asusun gidaje na ƙasa, wanda anka fara cikawa da ɗan haraji bisa albashi, kashi 2 bisa 100. Ran 24 ga watan Mayu na 1970, a Isla Mala, ƙungiyoyin sunka haɗa kai sunka kafa uwar ƙungiya mai suna FUCVAM. Har yau tana nan. Ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta sun fi 500, iyalan da ke ciki sun fi 20,000.

YADDA AKE YI

Abu biyar ne ke tada gidan.

Na ɗaya, ƙungiya. Magidanta ke haɗuwa, aƙalla iyali 10. Wasu abokan aiki ne, wasu maƙwabta ne cikin gidajen haya. Su rubuta dokokinsu, su samu takardar hukuma. Su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Su zaɓi wasu mutane daban masu binciken littafin kuɗɗi. Babbar magana duk sai a taron kowa da kowa, kuma kowane gida murya guda gare shi.

Na biyu, masana. Doka ta ce kowace ƙungiya sai ta ɗauki masu ba ta shawara: mai zanen gida, masanin doka, mai lissafi, da mai koya ma jama'a zaman ƙungiya. Su ke auna ƙasa, su zana gida, su lissafta siminti da ƙarfe. Amma shawara kaɗai suke bayarwa. Yanke magana na hannun masu gida. Doka kuma ta ƙayyade ladarsu, don kada su cinye kuɗɗin gini.

Na uku, fili. Wanga shi ne mafi wuya, don filin birni na da tsada. Cikin shekara ta 1990, ma'aikatar magajin garin Montebideyo ta buɗe wani tsari kamar rumbun tsimi, amma na filaye. Tana tara filayen hukuma da waɗanda ta saya, ta ba ƙungiyoyi, su biya in bashinsu ya fito. Ana duba wurin da ruwa ba ya kwanciya, inda famfo da wutar lantarki da hanyar mota za su iya kaiwa.

Na huɗu, bashi. Cikin kowace jikka 100 da aikin za shi ci, hukuma na ranta jikka 85. Sauran jikka 15 ɗin, gumin masu gida ne. Ba a ranta ma mutum guda, ƙungiya ake ranta ma. Ana biya wata-wata har shekara 25. Iyalin da samunsu ya yi ƙaranci, hukuma na ɗauke musu wani kashi na biyan wata.

Na biyar, aiki. Kowane gida na bada awa 21 cikin sati, watau kamar awa 3 kowace rana. Ba dole mai gida kaɗai ba. Uwargida na yi, balagaggun ɗiya na yi. Wani shi zo da yamma bayan ya tashi aikinshi, wani shi tara nashi ran Asabar da Lahadi. Ana rubuta awar kowa cikin littafi. Wanda anka biyo bashin awa sai shi rama. Haka ake yi har kimanin shekara 2.

RANAR AIKI

Ba a ce ma mai tatsar shanu shi zama gwanin magini dare ɗaya. Ƙungiya na ɗaukar shugaban magina da ƴan gwanaye, tana biyansu lada. Su ke yin aikin da ke son ƙwarewa, su ke nuna ma saura. Masu gida kuwa su haƙa tushe, su kwaɓa siminti, su tura baro, su miƙa tubali, su yi shafe da fenti.

Mata sun yi suna wajen ɗaurin ƙarfe. Akwai kuma wata dabara ta rufi. Ana jera gasasshen tubali a ƙasa cikin ma'auni, a sa ƙarfe da siminti tsakani, shi bushe shi zama falle guda. Sannan a ɗaga shi a aza bisa. Aiki ne mai son natsuwa fiye da ƙarfi, kowa na iya koyonshi cikin ƴan kwanaki. Wasu matan kuma su tsare yaran kowa wuri guda, don iyaye su samu hannun aiki.

Ƙungiya da kanta ke sayen kaya. Akwai ƴan kwamitin saye, masu zagaya kasuwa su ji farashi wuri uku ko huɗu. Mai sayen siminti na gida 40 ba a yi mishi farashin mai sayen buhu guda. Ribar da ɗan kwangila za shi ci, sai ta zauna cikin gini. Da dare kuma ba a ɗaukar mai gadi. Masu gida ke kwana wurin bi da bi, suna tsaron kayansu.

In aikin wata ƙungiya ya yi nauyi, uwar ƙungiya na kiran ranar taimako. Mutanen wasu unguwanni, waɗanda sunka riga sunka shiga gidajensu, su zo da cebur da baro su kama musu wuni guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a Urugwai ma haka ne.

BA WANDA YA SAN GIDANSHI

Ga wata dabara da ta cancanci a tsaya kanta. Duk tsawon aikin, ba wanda ya san gidan da za shi zama nashi. An dai san mai iyali da yawa za shi samu mai ɗaki da yawa. Amma wane ne daga ciki, sai an gama duka. Ran nan a taru, a zuba lambobin gidaje cikin akwati, a yi ƙuri'a. Kowa shi ɗauki mabuɗin da ya faɗo mishi.

Dalilin a fili shike. Da kowa ya san nashi tun farko, da ya zuba ƙarfinshi can, shi yi ma na maƙwabci aikin ganin ido. Da an gama na wasu sun shige, sun bar na baya da kango. Manomi ya san wagga matsala cikin gayya. Akwai wanda in anka nome tashi gona, ran ta wani sai ciwon baya shi tashi. Amma in mutum bai san bangon da za shi kwana bayanshi ba, kowane bango nashi ne. Tubalin da ya aza a karkace, wataƙila bisa kan ɗiyanshi za shi zauna.

GIDAN NA WANE NE?

Nan ne gayyar Urugwai ta bambanta da sauran. In an gama gini, ba a yanka takarda a ba kowa tashi. Fili da gidaje duka na ƙungiya ne, takarda guda ce. Abin da magidanci ke da shi, haƙƙin zama ne. Shi zauna har iyakar ranshi. In ya rasu, haƙƙin shi koma ga magadanshi. Muddin shina biya, shina bin dokokin ƙungiya, ba mai tashinshi.

Abu biyu ne ba shi da iko da su. Ba shi kai gidan kasuwa shi saida ma wanda ya fi tayi. Ba shi kuma zuba ƴan haya shi koma wani wuri. In zama ya ƙare mishi, shina son tashi, sai shi maida gidan ga ƙungiya. A lissafta abin da ya zuba, kuɗɗi da gumi, a maida mishi bisa ƙa'ida. Ƙungiya ta zaɓi wani iyali mai bukata shi shiga.

Wani na iya cewa, gidan da ba a saidawa ai ba gida ba ne. Amma a duba abin da ke faruwa cikin birane da yawa. A ba talaka fili ko gida da sunanshi. Shekara ta yi wuya, ko ciwo shi shigo, ko biki shi taso. Mai kuɗɗi shi zo da tayi. Talaka shi saida, kuɗɗin su ƙare cikin wata shida, shi koma haya ko kwarin da ya baro. Bayan shekara 10, unguwar da anka yi don talakawa ta zama ta masu hali. Mutanen Urugwai sun toshe wagga ƙofa. Gidan da anka gina da asusun jama'a da gumin talaka, hannun talaka shike zama.

Makiyayi ba za shi yi mamakin haka ba. Burtali da mashaya da rijiyar gari ba na mutum guda ba ne. Kowa na amfani da su, ɗa shi gada daga uba, amma ba mai saida su. Ranar da anka yanka burtali anka raba, ranar ce garke ya rasa hanya.

Akwai kuma asusun taimako. Kowane wata ana zuba ɗan abu ciki. In wani ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo, asusun shi riƙe mishi biya har shi miƙe. Banki bai san sunanshi ba balle shi zo shi fidda shi, ƙungiya ya sani. Akwai wani asusun kuma na gyara, don rufi da magudanar ruwa da fenti. Cikin shekara ta 2019 anka ƙara wata doka, wadda ta ba miji da mata damar rubuta sunansu su biyu bisa haƙƙin zama. Kafin nan sunan mutum guda ake sawa, yawanci na miji, ko da matar ta ɗauki tubali daidai da shi.

RANAR GWAJI

Daga 1973 zuwa 1985 soja ke mulkin Urugwai. Hukumar lokacin ba ta son ƙungiyoyin nan, don mutanensu sun saba taro da faɗin ra'ayinsu. Ta daina ba sababbi takarda, bashi kuma ya ƙafe. Cikin 1983 bankin gidaje ya ƙara kuɗɗin biyan wata da kashi 15 bisa 100, alhali albashi bai isa ba. Ƙungiyoyin sunka taru sunka ce ba su biya sai an sassauta. Ba su ci kuɗɗin ba, sun tara su wuri guda, don a san ba gudun bashi suke ba.

Sai hukuma ta fito da wata doka ƙarshen shekarar. Ta ce a raba gidajen, a ba kowa takardar mallaka da sunanshi. Ga wanda bai duba ba, kyauta ce. Amma mutanen sun gane. In anka raba takarda, an raba bashi. Banki za shi bi kowa shi kaɗai, mai rauni shi fara fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ran 26 ga watan Fabrairu na 1984, maza da mata sunka fita da takardu, gida-gida, titi-titi, suna neman sa hannun jama'a don a yi ƙuri'ar jin ra'ayi bisa dokar. Cikin wuni guda sunka tara sa hannu kimanin 330,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 3 ba a lokacin. Dokar ba ta ci nasara ba, kuma bayan komawar mulkin farar hula anka soke ta. Mutane ne anka miƙa musu takardar gida da sunansu, sunka ce a bar musu tasu ta tarayya.

BAYAN GINI

Ƙungiya ba ta watsewa ran da anka raba mabuɗi. Kusan kowace unguwa na da zauren taro, sau da yawa ma shi ake fara ginawa. Cikinshi ake shawara, cikinshi ake biki. Unguwanni da yawa sun ƙara makarantar ƙananan yara, ɗakin shan magani, ɗakin karatu da filin wasa, kuma maƙwabtan da ba ƴan ƙungiya ba na amfani da su. A Montebideyo akwai unguwar da ake kira Mesa 1, mai gida fiye da 400, wadda ƙungiyoyi da dama sunka haɗu sunka gina farkon shekarun 1970. Shekara 50 ke nan, gidajen na tsaye, jikokin maginan na wasa a tsakar unguwa.

Ba sabon gini kaɗai ake yi ba. Cikin shekarun 1990, mata 12 masu riƙon gida su kaɗai sunka kafa ƙungiya mai suna MUJEFA. Magajin gari ya ba su wani tsohon babban gida cikin tsakiyar birni. Sunka gyara shi da hannunsu, sunka raba shi gida 12. Sun zauna kusa da wurin aikinsu da makarantar ɗiyansu, ba a tura su bayan gari ba.

WAHALAR DA KE CIKI

Kada a ɗauka abin sauƙi ne. Babbar wahala jira ce. Daga kafa ƙungiya zuwa samun fili da bashi, ana iya shekaru, don masu nema sun fi kuɗɗin asusu yawa. Cikin jiran nan wasu ke gajiya su fita. Waɗanda sunka daure su riƙa taro, suna share fili, suna soya abinci su saida don ƙaramin asusunsu.

Awa 21 bisa aikin neman tuwo ba wasa ba ce. Shekara 2 ba hutun Lahadi. Mace mai goyo wadda ba ta da mataimaki ta fi kowa jin nauyin. Taro ma na cin lokaci, kuma inda mutum 40 ke shawara ba a rasa saɓani. Sannan tsarin ya fi sauƙi ga mai albashi ko mai sana'a tsayayya. Wanda samunshi na yau daban na gobe daban, biyan wata-wata na yi mishi wuya, sai da tallafin hukuma.

Duk da haka dabarar ta ƙetare iyaka. Daga wajen shekara ta 2000, da taimakon ƙungiyoyin koperatif na ƙasar Suwidin, mutanen FUCVAM sun kai ta Paragwai, Bolibiya, Salbado, Nikaragwa, Honduras da Gwatamala. Kowace ƙasa ta gyara ta daidai da dokokinta da kayan gininta. Cikin 2012 anka ba FUCVAM wata babbar kyautar duniya ta sha'anin gidaje saboda wanga aiki.

ABIN DA KE HANNU A NAN

Urugwai daban, Nijar daban. Can yawancin masu gini ƴan albashi ne, nan da yawa samunsu na bin damana da kasuwa. Can gasasshen tubali da siminti, nan laka ce mai arha. Ba a ɗauko rigar wani a sa ba a auna ba.

Amma wasu kayan aikin na nan tun tuni. Gayya na nan, wajen noma da wajen ɗaukar jinka. Adashi na nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda sunka faro a jihar Maraɗi cikin 1991, sun nuna mata na iya riƙe asusu da littafi da amana. Manoma sun san koperatif tun kafa UNCC cikin 1962, sun ga inda ta yi amfani, sun kuma ga abin da ke faruwa in littafin kuɗɗi ya zauna hannun mutum guda. Tun 1980, daga Cikal ta ƙasar Filinge, an horar da magina masu rufa ɗaki da tubalin laka zalla, ba azara ba kwano. Rani kuma dogo ne, hannuwa da yawa na zaune.

Abin da labarin Urugwai ya ƙara shi ne sauran duwatsun murhu. Fili na halal a kan tudu, ba cikin hanyar ruwa ba. Bashi mai dogon wa'adi da sunan ƙungiya. Masani mai auna tushe da magudana. Doka mai tsare haƙƙin kowa. Waɗanga sai da hannun hukuma da magajin gari da sarakuna. Amma a Urugwai ma ba doka ce ta fara zuwa ba. Iyali 95 sunka fara aza tubali, sannan doka ta biyo su bayan shekara 2.

DON TATTAUNAWA

Masu karatu na iya duba waɗanga tambayoyi a makarantar yaƙi da jahilci ko a dandali:

1. Ƴan garin da ke zaune birni, iyali nawa ne? Nawa suke biyan haya cikin shekara in anka haɗa?

2. Me ke kashe gayya a gari? Ƙuri'ar da ake yi bayan an gama gini za ta iya maganinshi?

3. Gidan da ake gada amma ba a saidawa, mene ne amfaninshi, mene ne aibinshi?

4. In za a yi irin wanga aiki da rani, wa za shi tsare shi da damana in kowa ya koma gona?

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba. Wanda ke da ɗan'uwa a birni kuma shi ajiye mishi jaridar har shi komo.